Mai Shayi a Ƙarƙashin Gada

Kawu Lado yana zaune a kan jakarsa yana kokawa da zif ɗin da ya ƙi rufuwa, sai ya ji hon ɗin motar Saleh a ƙofar gida, ba ƙaƙƙautawa, kamar an zo ɗaukar amarya. Kafin ya miƙe har Saleh ya banko ƙofa, yana kaɗa wani damin takardu sama da kansa.

"Ya fito, ya Kawu! Wallahi ya fito! Na ƙarshe!"

Lado ya saki zif ɗin, jaka ta buɗe baki, dabino da turare suka zubo ƙasa. Bai ko kalle su ba.

"Yau? Sai yau da zan tafi?"

"Aiwa, yau. Da asuba suka sa tarjama, na buga a ofis kafin mudir, ogan kamfani, ya iso."

Saleh shi ne mai kula da sito a kamfanin tayoyin da Lado ke dako a unguwar Khumra, cikin Jidda. Haifaffen Jidda ne, jikan wani mahajjaci da ya taso daga Katsina a ƙafa, shi ya sa Hausarsa rabi da rabi ce, in ta ƙare masa sai ya cike da Larabci. Ga tumbi, ga furfura, ga 'ya'ya har da mai shirin shiga jami'a, amma abin da ya fi so a duniya shi ne wasu ƙananan littattafan Japan masu zanen 'yan mata da idanu kamar faranti. Wasu samarin Larabawa ke fassara su a intanet, shi kuwa ya buga a takarda ya ɓoye a ƙarƙashin tebur. Wata rana Lado ya kama shi yana dariya shi kaɗai, ya ce sai ya ji abin da ake ci ba a ba shi. Tun daga nan, kullum bayan azahar, in an gama da tiren shinkafa, Saleh ke karantawa da Larabci yana juya wa lebarori zuwa Hausa a inuwar kwantena.

Sunan jarumin labarin ya gagari bakin kowa, sai suka raɗa masa Mai Shayi. Saurayi ne da aka aika wani tsibiri ya kai saƙo, da niyyar ya yi mako guda ya koma. Jirgin ruwa sau ɗaya yake zuwa tsibirin a shekara, ya yi mako ya juya. Ya makara, jirgi ya tafi, ya kama aiki a shagon shayin wata tsohuwa mai faɗa. Kowane littafi da zuwan jirgi yake ƙarewa, kuma kowane karo Mai Shayi na da uzuri: tsohuwa ba lafiya, an ci bashin ganyen shayi, akuyar maƙwabta ta cinye tikitinsa. Can ƙetaren teku kuwa yayarsa na zuwa bakin tasha duk shekara, ta zauna a kujerar da mai gadi ke ajiye mata, ta duba masu saukowa.

Ranar da suka fara jin wannan, lebarori har birgima suka yi don dariya. "Ɗan Umara ne!" in ji wani. "Takari ne ɗan'uwanmu, iƙama, takardar zama, ita ce kawai ba a tambayarsa!"

Lado ya fi kowa dariya, domin shi ma Umarar mako biyu ya zo, ga shi ya haura shekara goma sha huɗu. Ya bar ɗansa Yahya yana rarrafe. Makon jiya ya kira gida, wata murya mai kauri ta ɗauka ta ce, "Wa za a ce yana magana?" Abin ya soke shi ƙwarai. Matarsa Dela kuwa ta daina tambayarsa yaushe. In ya ce "ga ni nan bayan salla", sai ta ce "Allah ya kai mu", irin yadda ake amsa wa yaro.

Hanyar komawa sananniya ce. Wanda ba shi da takarda kuma ba shi da kuɗin jirgi yakan je ƙarƙashin wata gada a cikin gari ya shimfiɗa kwali, har askarawa su zo su kwashe shi zuwa tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. An yi raɗe-raɗin yau motoci za su zo, in kuma suka wuce, sai wanda ya gani. Lado ya sha ɗaure jaka ya kwance. Sai dai wannan karon ya yi rantsuwa a gaban jama'a, ya ce duk abin da Mai Shayi ya yi a littafin ƙarshe, shi ma shi zai yi. Mutane suka ce Kawu ya yi jarumta. Gaskiyar magana wayo ya yi, don a ransa ya san mai hali ba ya fasa halinsa, kuma ya ɗauka ma littafin ba zai fito nan kusa ba.

"Yalla, shiga mota," in ji Saleh. "A can zan karanta. In ya hau, ka hau. In bai hau ba, halas, in maido ka."

A kujerar baya suka tarar da Malam Hussaini, tsohon malamin firamare daga Zariya wanda yanzu yake jera tayoyi. Ya ce shi rakiya kawai ya zo yi. Shi ne kullum yake zama nesa da da'irar masu sauraro, ya juya baya, amma ba a taɓa ganin ya tashi kafin a rufe babi ba.

"Ni abin da ke ba ni mamaki," in ji shi bayan sun hau babban titi, "ƙato da gemu ya rataya rayuwarsa a kan littafin yara. Adabi fa shi ne wanda in ka karanta shafi ɗaya sai ka nemi ƙamus da maganin ciwon kai."

"La, ba littafin yara ba ne, ya ustaz," in ji Saleh, yana kauce wa wata tirela. "Khafif ne, ya'ani ba nauyi. Bas khafif daban, wofi daban."

"Kunu ma ba shi da nauyi," Lado ya sa baki, "amma shi ake ba mara lafiya."

"To akuya mai cin tikiti fa? Wane darasi ke cikinta?"

"Malam, kai da ka ce mako uku za ka yi, wace akuya ce ta cinye naka?"

Saleh ya tuntsire da dariya har mota ta yi tangal-tangal. Hussaini ya juya kai yana kallon taga, yana cewa shi dai a yi tuƙi da hankali.

Ƙarƙashin gadar cike yake maƙil. Hausawa, Zabarmawa, mutanen Chadi da na Indonesiya, kowa da kwalinsa da ƙullin kayansa, wasu mata har da risho suna dahuwa. Suka sami gindin wani ginshiƙi suka zauna. Saleh ya fito da katin iƙamarsa ya riƙe a hannun hagu, ya ɗaga shi sama kamar mai tsayar da tasi, don kada a haɗa da shi a kwasa. Da hannun dama ya buɗe takardu, ya naɗe shafin farko mai zanen yarinya saboda idon mutane, ya gyara murya.

Kafin ya gama babi biyu, mutane sun kewaye su. Lado ya zama sarkin bayani. Duk wanda ya matso sai ya ba shi labarin baya a gurguje, yana kwaikwayon tafiyar tsohuwa, yana kukan akuya, baki har kunne. Wata dattijuwa 'yar Damagaram ta miƙo masa shayi a kofin roba, ta ce a kai wa yaron nan na cikin littafi. Da aka zo inda mutanen tsibiri suka shirya wa Mai Shayi walimar bankwana, shi ya dafa, shi ya raba, shi ya wanke kwanuka, wurin ya kaure da shewa.

"Haka kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, ya yi mini!" wani ya yi ihu daga baya.

Lado ya ji daɗi kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ya manta da jaka, ya manta da zafi. Hankalinsa kwance yake, don ya ga alamar uzuri na tafe. Wanda ya wanke kwanukan walimarsa da hannunsa, ina zai je?

Ana cikin haka sai aka ji ƙugin manyan motoci. Farare ne, dogaye, suka jeru a bakin titi. Nan take wuri ya hargitse. Ba a taɓa ganin inda mutane ke rige-rigen a kama su ba sai a nan: wannan na jan buhu, waccan na goya yaro, wani na roƙon askar da Larabcin kasuwa ya fara da shi.

"Saura kaɗan, Kawu!" in ji Saleh.

"Karanta! Tsallake bayanin teku, mun san teku!"

"Kada ka tsallake komai!" Hussaini ya daka tsawa. Ya zo har ya dafa kafaɗar Saleh yana leƙen takarda, alhali Larabcinsa bai wuce na sayen burodi ba.

Saleh ya ci gaba da sauri, Hausa da Larabci na tuntuɓe da juna a bakinsa. Jirgi ya iso. Mai Shayi ya ɗauki jaka. Tsohuwa ta ƙi fitowa sallama, ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta. Ya sauko tasha, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katakon hawa. Sai ya jiyo butar shayi na fito daga shago, ya tuna ya bar ta a wuta. Ya ce wa matuƙi, minti ɗaya.

Idon Saleh ya riga bakinsa zuwa ƙasan shafi.

"Ya koma sauke buta," ya ce a hankali. "Jirgi ya tafi."

Lado ya sauke ajiyar zuciya. Abin da yake so ke nan, ga shi ya samu, da shaidu. Ya miƙa hannu zai ɗauki jakarsa ya nufi motar Saleh.

"Akwai shafi ɗaya," in ji Hussaini. "Ga shi nan a ƙasa, ina gani."

Shafin na yayar ne. Ta zo tasha kamar kullum, da abinci a ƙunshe. Ta zauna a kujerarta har fasinja na ƙarshe ya sauko. Ba ta yi kuka ba. Ta ba mai gadi abincin, ta gode masa da ɗawainiyar shekaru, ta ce baɗi ba sai ya ajiye mata kujera ba.

"Sai me?" in ji Lado.

"Halas. Ya ƙare."

"Ya ƙare yaya? Duba baya!"

Saleh ya juya takardar, babu komai sai fari.

Lado ya miƙe tsaye, jijiyoyin wuyansa suka fito.

"Wawa! Sakarai! Buta? Saboda buta? Ba mutane a garin da za su sauke buta sai kai? Wa ya gaya maka in ka tafi shayi zai ƙare a duniya? Kafin ka zo ba sa sha ne?" Ya fizgi jakarsa, sauran dabinon na zuba a bayansa. "Sabo turken wawa! Baiwar Allah tana zaune tana jiranka har ta tsufa, kai kana can kana wanke kofi, kana cewa baɗi, baɗi! Baɗin ubanka!"

"Kawu, rantsuwarka fa," in ji Saleh yana binsa da gudu, katinsa a sama. "Ka ce abin da ya yi..."

"Zan yi kaffara! Ni zan bi mahaukaci?"

Yana faɗa yana kutsawa cikin layi, mutane na ba shi hanya don sun ɗauka da wani yake rigima. Wani askar ya tambaye shi takardunsa, Lado ya ce ba shi da ko ɗaya, da alfahari kamar mai nuna lambar yabo. Har ya taka matakalar mota bai daina zagin Mai Shayi ba. Sai da ya zauna kusa da taga ya gane kuka yake yi, ya kuma rasa dalilin da ya sa dariya ke neman ƙwace masa.

A waje Saleh na share ido da gefen shimagin da ya yafa a kansa. Hussaini ya karɓe takardun ya rungume a ƙirji, yana ɗaga murya a kan ƙarar injin.

"Kawu! Wannan marubucin mugu ne! Ya san aikinsa, amma mugu ne!"

Mota ta ja. Lado ya laluba aljihu ya ciro wayarsa tun kafin a ce a miƙa, ya danna lambar gida. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Dela, ni ne. Ga ni cikin mota."

"Wace mota kuma?"

"Ta tarhil. Na miƙa kaina. Gida zan zo."

Ya ji kukan kaji a tsakar gida, da muryar wani saurayi yana tambaya ko waye.

"Malam," in ji Dela, muryarta ba ta hau ba ta sauka ba, "ba ni direban in ji daga bakinsa."

Lado ya dubi wayar, ya dubi tsawon motar da ke cike da mutane da buhuna. Ya miƙe, ya riƙe ƙarfen sama da hannu ɗaya, ya fara ratsawa zuwa gaba yana ba mutane haƙuri.