Ƙuri'u Uku Daga Layin Beacon

Shekara ashirin da biyu na yi ina ƙirga ƙuri'a a Skelby, garinmu na bakin teku, kuma zaɓen da zan ba da labarinsa shi ne na ƙarshe da na sa wa hannu. Sunana Glenys Tranmer. A ɗakin karatu na gari nake aiki, amma duk zaɓen kansiloli akan kira mu mu taya ƙirga. An kaɗa ƙuri'a ranar Alhamis, akwatuna suka kwana a kulle, ranar Juma'a ƙarfe tara na safe muka hallara a tsohon zauren rawa da ke bakin teku.

Tun la'asar ɗin Alhamis hazo ya taso daga ruwa ya rufe gari, har safiyar nan bai ɗaga ba. In ka leƙa ta taga ba ka ganin teku, sai dai ka ji shi yana dukan katanga. Zauren yana warin tsohon katako da shayin da ya huce.

Teburinmu aka ba mazaɓar Cliff End. Abokiyar aikina Bev Jowsey ce, mai dafa abinci a makarantar firamare, macen da bakinta ba ya hutawa.

"Glenys, dubi Clive," ta raɗa mini. "Ya sha kwat kamar mai zuwa jana'iza. Tasa ce kuwa."

Clive Stothard ya shekara goma sha tara yana kansilan Cliff End. Wannan karon Lorraine Pashby ce ta tsaya masa a gaba, mai shagon kifi da soyayyen dankali, ba ta da jam'iyya sai baki da jama'a. Kowa ya ɗauka ta gama da shi. Shi kansa Clive ya ɗauka haka, kuma bai damu ba. Ya riga ya sa gidansa a kasuwa, yana gaya wa mutane da zarar ya faɗi zai koma wurin 'yarsa a Derby, inda ba ruwan gishiri ko na magani.

Abin da ya zubar da shi a idon mutane shi ne Layin Beacon. Gaɓarmu ta yumɓu ce, teku na cinta kowace shekara. Katangar da ke kare gari ta tsaya ne daidai farkon layin, kuma lokacin da aka kawo maganar tsawaita ta, Clive ne shugaban kwamitin da ya ce aikin ya fi ƙarfin majalisa. Aka ce mutanen ƙarshen layin su tashi. Kowa ya tashi, ban da Arthur Leadley, tsohon masunci, da matarsa Edna, da ƙanwarta Joan da ke zaune tare da su. A watan Nuwamba, shekara shida kafin wannan zaɓe, guguwa ta zo, gaɓa ta zube da gidan gaba ɗaya. Ba a samu gawar ko ɗayansu ba.

Aikin farko a ƙirga shi ne tantancewa. Za a juye akwati a ga ko yawan takardun ciki ya yi daidai da abin da jami'in rumfa ya rubuta. Akwatuna uku suka wuce lafiya. Na huɗu shi ne na rumfar Layin Beacon, wadda ake kafawa a ɗan ɗakin taron coci. Takardar jami'in ta ce ɗari da tamanin da shida. Muka ƙirga, muka samu ɗari da tamanin da tara.

"Ke ce kika kuskure," in ji Bev. "Tabaraun nan naki ya tsufa."

"Ke dai da kike ƙirga kina surutu."

Muka sake. Ɗari da tamanin da tara. A karo na uku ne Bev ta tsaya cak, ta janye hannu ta goge shi a siket.

"Waɗannan a jiƙe suke," ta ce.

Guda uku ne, a manne da juna. Ba jiƙewar shayi ko ruwan sama ba ce. Sanyi gare su kamar an ciro su daga firji, kuma da na raba su, ɗan yashi ya zubo a kan tebur. Sauran takardun da suka kwana tare da su duk a bushe suke ƙayau. Na kai yatsa hanci, na ji ƙarnin teku.

Na ɗaga hannu, baturen zaɓe ya zo. Mista Ainscough ne, mutum mai son komai ya tafi bisa ƙa'ida. Ya duba, ya sa aka binciki littafin takardun da suka rage, aka ga lallai an yagi ɗari da tamanin da tara. To an bayar da su ke nan, sai dai ba a ja layi a kan suna uku a rajista ba. Ya sa aka buga wa jami'in rumfar waya.

Wilf Cammish ne jami'in, ɗan shekara saba'in da huɗu, kuma tun ina budurwa shi ke riƙe da wannan rumfa. Gidansa ba nisa. Bayan minti ashirin ya shigo da hularsa a hannu, ko aski bai yi ba. Mista Ainscough ya ja shi ƙarshen teburinmu, don haka na ji komai.

"Wilf, takarda uku sun yi yawa. Ka manta ka ja layi ne?"

"Ban manta ba, ranka ya daɗe. Na nemi sunayen ne ban gani ba."

"To don me ka ba su takarda?"

Wilf ya daɗe yana murza hular. Ya ce wajen ƙarfe huɗu, lokacin da hazo ya shigo, matar da ke taya shi ta shiga kicin ɗora shayi. Ɗakin ba kowa. Sai ƙofa ta buɗe, mutum uku suka shigo, namiji a gaba, mata biyu a baya riƙe da hannun juna.

"Ya ce mini, 'Wilf, ba mu makara ba dai?' Na ce, 'Ina fa, Arthur, da sauran lokaci.' Na yago uku na miƙa musu. Haka na saba yi musu shekara da shekaru. Edna har ta tambaye ni ƙafata. Suka shiga, suka zana, suka jefa, suka fita. Sai da na sunkuya zan ja layi na ga ba Leadley a littafin. A nan ne na tuna."

Bev ta kama mini gwiwa ta ƙarƙashin tebur, har sai da na ji zafi.

Mista Ainscough ya gyara murya. Ya ce Wilf ya gaji, awa goma sha biyar a zaune ba wasa ba ne ga dattijo, wasu mutane ne dai suka shigo cikin hazo ya ga kamar su. Za a rubuta kuskuren jami'i, a ci gaba. Wilf bai yi gardama ba. Ya nemi kujera a gefen bango ya zauna, ya ƙi tafiya gida.

Aka haɗe takardun mazaɓar duka aka shiga rabawa. Ba wanda ya isa ya ware ukun nan, amma ba sa ɓoyuwa. Duk inda suka shiga sai su bar danshi a jikin na kusa da su. A hannuna suka sake faɗowa. A raina na riga na yanke cewa na Lorraine ne, don ita ce ta yi kamfe da maganar katanga. Da na juya ta farko sai na ga alamar X a gaban sunan Clive Stothard, an danna fensir da ƙarfi har ya kusa huda takardar. Ta biyu haka. Ta uku ma haka, sai dai alamar a karkace take, irin ta hannun tsohuwa.

Wajen ƙarfe ɗaya aka gama. Mista Ainscough ya tara 'yan takara ya faɗa musu a hankali: Stothard ɗari shida da goma sha biyu, Pashby ɗari shida da goma. Sauran 'yan takara biyu ba su kai ko'ina ba.

"Ƙuri'a biyu?" in ji Lorraine. "A sake ƙirgawa! Ba zan faɗi da biyu in tafi gida in soya kifi ba."

"Ni ma a sake," in ji Clive.

Kowa ya juya ya dube shi. Ban taɓa ganin wanda ya ci ya nemi a sake ba. Labarin Wilf ya riga ya zagaye zauren, kuma na ga alama ya kai kunnensa, don fuskarsa ta koma kalar toka.

Aka sake, lissafi bai motsa ba. Clive ya zo gaban teburinmu ya ce a nuna masa jiƙaƙƙun. Na shimfiɗa su, shi ba a yarda ya taɓa ba. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"A soke su," ya ce. "Lalatattu ne."

"Da wane dalili?" in ji Mista Ainscough. "Hatiminmu na jiki, alama a fili take, ba wanda ya rubuta suna. Ruwa ba ya ɓata ƙuri'a, Mista Stothard. Kuma naka ne."

"Na san nawa ne. Shi ya sa."

Lorraine ta riƙe ƙugu. "Clive, wasan me kake yi? In ba ka so, ba ni mana."

Bai ko kalle ta ba. Ni ya kalla, wataƙila don ni ce a gabansa. Ya ce, da murya ƙasa ƙasa, sati biyu kafin guguwar ya je gidan Arthur da kansa ya roƙe shi ya tashi. Arthur ya ba shi shayi, ya rako shi har ƙofa, ya ce, "Kai muka zaɓa tun farko, Clive, kuma kai za mu ci gaba da zaɓa. Ba inda za ka sai ka gina katangar nan."

"Na ɗauka zolaya ce," in ji Clive. "Har dariya na yi."

Ƙarfe biyu da kwata Mista Ainscough ya hau dandamali ya karanta sakamako. 'Yan jam'iyyar Clive suka fara tafi, da suka ga shi bai ɗaga kai ba sai tafin ya mutu. Aka miƙa masa makirufo don ya yi godiya, ya riƙe shi kawai, ba abin da ake ji sai teku a bayan bango. Daga baya ya ce, "Na ji," ya ajiye ya sauka. Ba mu yake gaya wa ba.

Lorraine ta yi maganar zuwa kotu, lauya ya gaya mata sai ta tsayar da Wilf gaban alƙali ya maimaita abin da ya faɗa. Ta ce ba za ta yi wa tsoho haka ba. Wilf bai sake riƙe rumfa ba, kuma bai taɓa canza labarinsa ba har ya rasu bayan shekara biyu.

Clive ya cire allon sayarwa daga ƙofar gidansa a satin. Mutumin da a da ba ya son a ambaci Layin Beacon, sai ga shi ba taron da zai wuce bai tayar da maganar katanga ba. Ya rubuta wasiƙu, ya yi ta zarya zuwa London a jirgin ƙasa, ya ɓata da 'yan jam'iyyarsa. Lorraine ce ma ta koma tana tara masa sa hannun jama'a a kan kantar shagonta. Ya rame, kwat ɗinsa ta yi masa yawa. 'Yarsa ta zo har sau biyu don ta tafi da shi, ta koma ita kaɗai.

A shekara ta huɗu aka fara aikin. Jirgin ruwa ya kawo manyan duwatsu daga Norway, ana jibge su a gindin gaɓa. Wata Asabar da rana na fita da karena na bi ta Layin Beacon, na tarar da Clive tsaye a inda kwalta ta ƙare, wurin shingen ƙarfe, yana kallon motocin aiki a ƙasa. Karen ya toge, ya ƙi ƙarasawa wurin.

"Barka, Clive," na ce. "Ka cika alkawari. Yanzu sai Derby."

Ya girgiza kai, ya nuna mini da hannu. Duwatsun za su tsaya ne a gida mai lamba talatin. Daga nan zuwa inda muke tsaye akwai gida tara da mutane a ciki, an ce sai wani zagayen.

"Kowace safiya tabarmar ƙofata a jiƙe take, Glenys," ya ce. "Ko an yi sati ba ruwan sama. Ta ciki fa, ba ta waje ba. Ranar da aka sauke dutsen farko na ce yau zan same ta a bushe. Ban samu ba."

Ya ce ya riga ya miƙa takardarsa ta sake tsayawa a watan Mayu, kuma wannan karon ba wanda ya fito ya kara da shi sai wani baƙo da bai san garin ba.

"Ke za ki ƙirga?" ya tambaye ni.

Na ce a'a, na bar aikin, ni da Bev duka.

"Kin kyauta wa kanki," ya ce. Ya juya ya ci gaba da kallon ruwa, ni kuma na bi karen da ke ta jan igiya muka koma cikin gari.