Shafi na Biyu

"Ka ɗaga ta ka kai ta ina? Gidan uban wa?"

"Wata shida kawai, Baba."

"Wata shida! Bara ma wata shida ka ce. Ni da nake jan numfashi kamar tsohon injin niƙa ban ce a ɗaga mini komai ba, sai kai mai jini a jika."

Saurayin bai ɗago kai ba. Yana zaune a kujerar roba a ɗakin maƙwabcinsu, littafin gwaji buɗe a cinyarsa. Shekararsa ashirin. Tun yana aji uku a sakandare 'yan layin suke ce masa Likita, don ya taɓa ɗaure wa mai gyaran babur hannu ranar da ƙarfe ya yanke shi. Sunan ya manne masa, ya ma riga shi girma. Saura kwana goma sha biyu ya zauna jarrabawar shiga makarantar likitanci. Mai son a ɗaga masa, ranar Juma'a ce ƙarshe. Yau Litinin.

Kimiyyar ba ta ba shi tsoro. Turancin ne. Dogayen rubuce-rubuce tara, kowanne da tambayoyinsa, cikin minti casa'in. Shi kuwa sai ya juya kowace jimla zuwa Hausa a cikin kansa kafin ta zauna. Bai taɓa wuce na biyar ba lokaci bai cika ba. Da ya tuna zauren jarrabawar sai tafin hannunsa ya jiƙe.

"Ba na gamawa, Baba. Kai ma ka sani."

"Don kana karantawa kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa."

Baba Akawu ya gyara matashin da ke bayansa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buɗe wasiƙu a wani ofishi. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, ciwon zuciya kuma ya sa shi gaba. Jiya aka sallamo shi daga asibiti. Bakin ne kawai ciwo bai taɓa ba.

"Wasiƙa ɗari biyu nake rabawa a wuni. Kana tsammani karanta su nake yi? Layin farko, layin ƙarshe. Na farko ya gaya maka abin da mutum yake so, na ƙarshe ya gaya maka yaushe yake so. Tsakiyar duk gyaran murya ce. Shekara talatin da ɗaya, ko sau ɗaya ban kai takarda teburin da ba nata ba."

"Jarrabawa ba ofis ba ce."

"Takarda takarda ce, matsoracin banza."

Sai ga Inna, matar Baba Akawu, ta ɗaga labule tana goge hannu da gefen zani.

"Kun cika mini gida da hayaniya, tsoho da yaro ba a san babba ba. Likita, ungo, duba mana abin da suka rubuto. Shi wannan ga Turancin babu ido, ni ga idon babu Turanci."

Takardar sallama ce, shafi uku a maƙale.

Fuskar tsohon ta washe. "Yawwa! Ga gwaji ya zo har gida. Miƙo mini agogon bangon nan. Minti biyu na ba ka. Fara."

Ya kara agogon dab da hancinsa. Likita ya ji ƙirjinsa ya buga, kamar kullum idan aka ce fara. Shafin farko: suna, sunan ciwo, magunguna uku da lokutan sha. Ya juya. Shafi na biyu ya cika maƙil da ƙananan rubutu, babu wurin saka allura. Idonsa ya ɗauki layin sama: shawarwari ga majinyaci da iyalinsa. Ya faɗa layin ƙasa: a rage gishiri. Ya juya. Shafi na uku, ranar komawa da sa hannu.

"Farar ƙwaya ɗaya da safe. Ja safe da yamma. Ƙaramar bayan abinci. A rage gishiri. Ku koma ranar ashirin da huɗu."

"Minti ɗaya da rabi!" Tsohon ya bugi katifa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kin gani? Wai shi ne zai ɗaga. Wallahi ka ƙara cewa ɗagawa a ɗakin nan sai na rotsa maka agogon nan a ka."

Inna ta karɓi takardar ta ninke, ta danne ta da gwangwanin magani a saman kabad. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka hutar da mu."

Ran Talata silifas ɗin tsohon suka ƙi shiga. Ya ce silifas ɗin ne suka tsuke, kayan yanzu ba su da amana. Aka yi dariya. Likita ya karanta rubutu bakwai kafin agogo ya cika.

Ran Laraba da hantsi Inna ta tare shi a matakalar bene, ta rage murya.

"Ɗan nan, mutumin naka bai kwanta ba jiya. A kujera ya kwana. Da ya miƙe a gado sai ya ce an ɗora masa dutse a ƙirji. Ko mu koma asibitin?"

Ya shiga ya durƙusa gaban tsohon. Ƙafafun sun kumbura har ƙwauri, fatar tana sheƙi. Ya danna da babban yatsa. Da ya ɗauke, ramin ya zauna, bai taso ba. Ruwa ne. Wannan kam ya san shi, yana cikin littafinsa.

Ya kalli saman kabad. Gefen takardar ya leƙo daga ƙarƙashin gwangwani. Taku uku ne tsakaninsu. Amma in ya ɗauko ta, Inna za ta ce ba ka karanta ba ne shekaranjiya? Inna da ta gaya wa mai shago da mai wanki da duk wanda ya tsaya cewa yaron nan ya cinye shafi uku na Turancin asibiti kafin ruwan shayi ya tafasa.

"Wane asibiti?" in ji tsohon, yana tsayawa tsakanin kalmomi. "Su sake huda ni kamar rariya? Takarda ta ce yaushe, Likita?"

"Ashirin da huɗu."

"To, kin ji."

Inna ba ta kalli mijinta ba. Saurayin take kallo.

"Maganin ne bai gama bin jiki ba," ya ce. "A ɗora ƙafar a kan matashi."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta tafi ɗauko matashi.

A ranar ne ya gama rubutu tara a karon farko, har da rarar minti huɗu. Da suka duba amsoshin a bayan littafi, ya haye makin da ake nema. Baba Akawu bai iya dariya ba. Hannu kawai ya ɗaga, ya damƙi kunnen saurayin ya ɗan ja. Yatsunsa sanyi ƙalau.

Ran Alhamis, wajen ƙarfe goma na safe, aka buga ƙofarsu da tafin hannu, bugu ba na sallama ba.

"Likita! Likita, fito!"

Ya tarar da tsohon a kujera, ya kifo gaba, hannuwansa dafe da gwiwa, baki buɗe. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Numfashin yana fita da wani ƙara, kamar ana hura iska a cikin ruwa da tsinke. Gumi ya jiƙa rigar har ciki.

"Yi masa wani abu mana!" Inna ta riƙe masa riga. "Kai ne ka sani, yi masa!"

Ya tsaya. Duk abin da ya haddace na zuciya da huhu, ɗakuna huɗu da hanyoyin jini, yana nan a kansa a jere, babu wanda ya ce masa ga inda zai sa hannu. Ya leƙa ta taga ya ƙwala wa mai gyaran babur kira. Muryar da ta fita ba ta yi kama da tasa ba.

Da kujerar suka sauko da shi, shi da mai gyaran babur, mataki ashirin da biyu. A kwana ƙafar kujerar ta maƙale a ƙarfen matakala, sai da mai shago ya hawo ya ciccibi ƙasan. Aka tsayar da tasi. Inna a gaba, shi da tsohon a baya.

Hanya ta cushe a mahaɗar kasuwa. Direba yana danna oda yana zagin wata babbar mota da ta gitta. Kan tsohon yana kafaɗar Likita, da nauyi.

"Buɗe gilashin," ya ce, can ƙasa.

Gilashin a buɗe yake, duka huɗun.

"Na buɗe, Baba."

"Buɗe."

Likita ya kama mariƙin gilashin yana murzawa, yana murzawa, ko da yake ya kai ƙarshe. Bai san lokacin da ƙaran nan na ruwa ya tsaya ba. Sai dai ya lura yana jin rediyon direba sarai, ana karanta farashin kayan gona.

A ƙofar asibiti ma'aikata suka zo da gadon tura marasa lafiya da gudu, suka koma da shi a hankali. Wata nas mai furfura a goshi ta fito ta same su a kan benci. Ta yi wa Inna magana a tausashe, ta riƙe mata hannu har kukan farko ya lafa. Sannan ta buɗe fayil.

"Ƙafar nan tun yaushe ta kumbura haka, Mama?"

"Tun Talata."

"Yana iya kwanciya?"

"Kwana biyu a kujera yake kwana."

Alƙalamin nas ɗin ya tsaya. "Ba a ba ku takarda ba da aka sallame shi?"

"An ba mu. Likita ya karanta mana tas." Inna ta nuna shi da haɓa.

Nas ɗin ta dube shi tun daga silifas har sumar da bai taje ba. "Likita?"

"Maƙwabcinmu ne. Ɗa ne a wurinmu."

Matar ta buɗe baki, ta kalli Inna, ta rufe. Ta ci gaba da rubutu. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da yamma aka dawo daga binne shi. Ɗakin ya cika da mata, takalma sun taru har matakala. Likita ya kutsa kamar mai neman kujerun da za a mayar. Ya ɗaga gwangwanin magani, ya zare takardar, ya cusa a aljihu. Ba wanda ya kula.

Ya kulle kansa a ɗakinsu. Ya ɗauko ƙamus. Ya buɗe shafi na biyu ya ɗora yatsa a kan kalmar farko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana juya kowace jimla Hausa yadda ya saba tun farko. Mahaifiyarsa ta buga ƙofa ta ce abinci yana hucewa. Ya ci gaba da bin layin da yatsa.

A sakin layi na uku ya same shi. Ko ƙamus bai buƙata ba, Turancin mai sauƙi ne, na 'yan aji ɗaya. Idan ƙafa ta kumbura, ko majinyaci ya kasa kwanciya saboda numfashi, a dawo da shi a ranar. Kada a jira ranar da aka rubuta.

Ya karanta sau uku. Ya ƙarasa shafin har layin gishiri. Minti hamsin ya ɗauke shi.

Bangon da ya raba ɗakunan siriri ne. Yana jin Inna tana ba wasu sababbin zuwa labari, muryarta ta dashe.

"Yaron nan na maƙwabta, abin da ya yi mana ɗan cikinmu bai yi ba. A kafaɗarsa ya cika. Jiya-jiya marigayin yake ce mini, ki sa ido, wannan ya riga ya ci jarrabawar nan, na koya masa yadda ake yi."

Matan suka yi ta sa albarka. Likita ya cusa gefen matashi a baki ya cije.

Ran Juma'a da safe ya sa riga. Mahaifiyarsa tana shara a baranda.

"Ina zuwa, Auta? Ko karyawa ba ka yi ba."

"Yanzu zan dawo."

"Ka leƙa Inna, tun ɗazu take tambayarka. Wai ƙanwarta ta zo da wata takardar asibiti, tana so ka duba mata."

Ya fita bai waiwaya ba. Ya wuce ƙofar Inna da sauri, ya wuce mai gyaran babur da ya ɗago masa hannu baƙi da mai.

Shagon kwamfuta yana bakin titi, ɗaki ɗaya, fanka tana juyawa tana ƙara. Mutum huɗu ne a gabansa. Da layi ya zo kansa, mai shagon ya jawo masa kujera da ƙafa.

"A'a, babban Likita! Ashe tsohon naku ya tafi. Allah ya jiƙansa, mutum mai ban dariya. Katin shiga jarrabawa za a buga maka?"

"Ɗagawa zan yi."

"Ɗagawa? Kai da aka ce ka fara gamawa har da canji?" Ya kalle shi, ya ga ba fuskar wasa, ya juya ga kwamfutar. "To, ba ni lambarka. Ka yi sa'a, ƙarfe sha biyu suke rufewa."

Ya ba shi. Shafi ya buɗe, cike da ƙananan rubutu. Mai shagon ya gangara da shi ƙasa fuu, zai danna amincewa.

"Tsaya. Koma sama."

"Sharuɗɗa ne kawai, ba mai karanta su."

"Koma sama."

Ya koma. Likita ya matso, ya ɗora yatsa a jikin gilashin, leɓɓansa suna motsi. Na bayansa suka fara tsaki. Wata mata ta ce wasu sai ka ce su kaɗai Allah ya yi wa uzuri. Bai ji ba. Sai da ya kai ƙarshe ya janye hannu, yatsan ya bar tabon gumi a gilashin.

A ƙasa akwai wani fili fari, babu komai a ciki sai ɗan siririn layi yana ƙyaftawa.

Mai shagon ya ɗora hannu a kan madannai yana jira.

"Akwai ta wata uku, akwai ta wata shida, akwai ta baɗi. Wacce zan sa maka?"