Ranar da Ƙofar Sito ta Rufe da Maigida

Mijina mai gyaran makulli ne, kuma in ana neman mai taurin kai a layinmu ba sai an je da nisa ba. Shagonmu ɗan ƙarami ne, tsakanin shagon aski da kantin magani. Ni nake gaba, ina sayar da kwaɗo da sakata, ina yanka wa mutane makulli a inji. Shi yana can ƙurya a teburin aiki da fitilarsa da magagarinsa. Manaja yake kirana, wai don na fi shi baki. 'Yan layi kuwa Baba Makulli suke ce masa.

Abu ɗaya ne a shagon nan ban taɓa sa wa hannu ba: wata jakar fata da yake naɗewa kamar tabarma, cike da siraran tsinkayen ƙarfe da yake buɗe kwaɗo da su in makulli ya ɓata. Tun yana saurayi ya yi wa mai gidansa da ya koya masa sana'ar rantsuwa ba zai sayar da irinsu ba, ba kuma zai damƙa su a hannun wanda ba ɗan sana'a ba. Mai gidan ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma rantsuwar tana nan da ranta, mu muke shan wahalarta.

Ran nan da safe wata mata ta shigo, mai gidan rainon yara ce a bayan layinmu. Ta ce yaran sun koyi murɗa makullin banɗaki su kulle kansu a ciki, sai kuka, ita kuma sai ta tsaya jiran wanda zai zo ya buɗe. Tana son a sayar mata da tsinkayen, a ɗan nuna mata.

"Ba na sayarwa ba ne, 'yata," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "In sun kulle, ki aiko, in zo."

Ta yi godiya ta tafi. Tana fita na juyo kansa.

"Haba Maigida! Wannan baiwar Allah ce za ta fasa gidan mutane?"

"Yau ita ce, gobe ƙaninta ya ɗauka, jibi abokin ƙanin. Ki sa su a kan kantar shago kamar alawa, kin raba wa ɓarayi makullin gari ke nan."

"Wane ɓarawo ne yake da haƙurin tsuguno a bakin ƙofa yana lallaɓa kwaɗo? Da guduma suke zuwa. Kwaɗo nawa aka kawo maka an fasa, nawa aka kawo an buɗe da ladabi? Masu zuwa nema direbobi ne da masu gidajen haya da tsofaffin da suke mantuwa."

"Manaja, na rantse."

"To, ta aiko ka je. Ka je ka buɗe da wane hannun?"

Na san na taka inda bai kamata ba, amma gaskiya ce. Hannunsa ya fara rawa tun bara. Makulli yana iya riƙewa, kofi ma haka in ya yi a hankali, amma tsinken nan aikin natsuwa ne, in yatsa ya yi rawa an koma farko. Sau da yawa ina kallonsa ta wutsiyar ido yana fama da kwaɗon da a da kafin ka yi atishawa ya buɗe shi. Yaranmu duk sun kama gabansu, babu wanda ya gaji teburin. A makon da ya wuce ya ce min in wata ya ƙare zai rufe shagon, domin shagon makulli da ba a buɗe makulli a cikinsa kantin ƙarfe ne kawai. Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba. A ƙarƙashin kantar nan na yi rainon yarana. In aka rufe, in koma gida mu zauna muna kallon juna kamar tukwane?

"Ka koya min," na ce. Ba ranar na fara faɗa ba.

"Ke ba 'yar sana'a ba ce."

Shekaru ina shaƙar ƙurar tagulla a gindin inji, wai ni ba 'yar sana'a ba ce! Na yi tsaki, na juya masa baya, na shiga jera kwaɗo da ƙarfi yadda zai ji.

Can bayan azahar na ji ƙofar sito ta yi garam. Sito ɗan ɗaki ne a bayan shagon, inda muke ajiye kwalaye, ba taga sai 'yar kafar iska a sama. Ban kula ba, sai na ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki, a hankali, irin na baƙo mai kunya.

"Manaja."

"Mene ne?"

"Ƙofa ta rufe da ni."

"To buɗe mana."

"Na cire hannun ciki zan gyara."

"Ina makullin? Turo min ta ƙasa."

Ya yi gyaran murya. "Sabuwar kuba ce na sa. Na canza mata haƙora, ban kai ga yanka mata makulli ba."

Jama'a, na zauna a kan kujera na yi dariya har da riƙe ciki. Mutumin da yake yi wa kowa wa'azin cewa ba a gwada kuba sai ƙofa na buɗe! Dariyar ce ta jawo maƙwabcinmu Mai Aski, ya leƙo da almakashi a hannu.

"Mama, lafiya?"

"Baba Makulli ne makulli ya kama."

"Allahu akbar! Ashe da gaske wanzami ba ya son jarfa." Ya matso bakin ƙofar yana washe baki. "Baba, in kira kafinta ya ɓalle ta? Ko in kira mai gyaran makullin bakin kasuwa?"

"Ka kira min wancan yaron da ko kwance kwaɗo bai iya ba, in fito in aske ka da almakashinka!" in ji Maigida daga ciki. "Kuma wanda ya taɓa min ƙofa da guduma, ni da shi ne."

"To sai ka kwana a nan," na ce.

Sai na ji wani ɗan ƙara a ƙasa, sirrr. Na duba, ga wani lanƙwasasshen ƙarfe ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofar. Bayansa wani siriri mai ɗan ƙugiya a baki ya biyo. Na tsaya ina kallonsu a kan siminti.

"Maigida, rantsuwar fa?"

"Larura ce, Manaja. Larura ba ta san rantsuwa ba. Ɗauki."

Na ɗauka. Ashe ba su da nauyi ko kaɗan, har na ji haushi, duk wannan jan aji a kan abin da bai fi tsinken sakace ba. Mai Aski ya jawo min kwali na durƙusa a kai, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Lanƙwasasshen ki sa shi a ƙasan ramin, ki ɗan murɗa. Kaɗan fa. Kamar kina taɓa goshin jariri ki ji ko da zazzaɓi."

Na murɗa.

"Na ce jariri, ba wuyan rago ba! Daga nan ina jin yadda kika matse ta."

"Ka yi min a hankali, malam, ni ce a waje."

"Sassauta. Yauwa. Yanzu sa mai ƙugiyar a sama, ki tura har ƙurya. Akwai haƙora a jere, kowanne da ɗan sifirin da yake danne shi a kansa. Ki taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi laushi ki ƙyale shi. Mai taurin kai kike nema."

"Ai shi na aura."

Mai Aski ya tuntsire da dariya, ya koma ya gaya wa wanda yake yi wa aski, ya dawo da shi da rabin kai a aske da ƙyalle a wuya. Na kore su duka biyun suka tsaya daga bakin shago.

Da farko ban ji komai ba, ƙarfe ne kawai yake karo da ƙarfe. Gumi ya cika min ido. Na zagi kubar, na zagi wanda ya ƙera ta. Sau biyu hannuna ya zame, na ji haƙoran sun zubo tas-tas-tas, Maigida ya ce, "Ba komai, daga farko." Shi da ba ya haƙuri da mai sayen kwaɗo in ya cika tambaya, yau muryarsa ta yi sanyi. Na gane ya manna kunnensa a jikin ƙofar ne daga ciki, yana jin duk motsin da nake yi.

"Rufe idonki," ya ce. "Ido ba ya aiki a nan."

Na rufe. Can sai na ji shi, wani haƙori a ƙurya ya ƙi motsi. Na ɗaga shi a hankali, a hankali, sai ya yi ƙis, ƙarfen da ke ɗaya hannun ya ɗan motsa kamar numfashi.

"Na ji!" na yi ihu. "Maigida, na ji shi!"

"Ni ma na ji. Kada ki saki. Nemi ɗan'uwansa."

Daga nan ban ƙara sanin akwai titi a bayana ba. Ƙis. Ƙis. Ɗaya ya ba ni wuya na lallashe shi. Da na ƙarshen ya shiga, kubar ta juya gaba ɗaya a hannuna, laushi kamar da makullinta. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin wannan ba tun ranar da ɗiyata ta fari ta taka ƙasa. Mai Aski da mutumin da yake yi wa aski suka ɓarke da tafi.

Na tura ƙofar, na shirya ganin tsoho a galabaice.

Yana zaune a kan kwali, ya ɗora matashin kujerar falonmu a kai, wanda na nema da safe ban gani ba. Ga 'yar fanka mai batir tana hura masa. Ga jakar fatar a shimfiɗe a cinyarsa. A gefensa filas ɗin shayi, da kofi biyu.

Na dubi kofunan, na dube shi. Ya ɗauke kai yana nazarin silin.

"Maigida. Ƙofa ce ta rufe da kai?"

"Iska ce."

"A ɗakin da ba taga? Iskar ce ta kawo maka matashi daga gida? Ita ta san mu biyu za mu sha shayi?"

"Ki rage murya, Manaja, mutane na ji."

Na so in yi masa faɗa, na buɗe baki, sai kuka ya zo min tare da dariya. Wannan mutum ya gwammace ya zauna a cikin zafi da kwalaye, layi guda su yi masa dariya, da ya buɗe baki ya ce zo in koya miki. Na ja ƙofar kaɗan don kada su Mai Aski su gani, na zauna kusa da shi. Ya ɗauki filas zai zuba, hannun ya hau rawa, shayi ya zuba a kan kwali. Bai ɓoye ba wannan karon. Na karɓa na zuba mana.

"Wanda ya buɗe kuba a gaban mai gidansa ya zama ɗan sana'a," ya ce, yana hura kofin. "Haka aka yi min. Ban karya komai ba." Ya naɗe jakar, ya ɗora min a cinya. "Gobe ki leƙa gidan rainon nan ki duba musu banɗakin. Ni zan riƙe miki kaya."

"Shagon fa?"

"Wa zai rufe shago da ma'aikaci a ciki?"

"Matar kuma, in ta ce tana son nata tsinkayen?"

"Ba ma sayarwa."

"In ta zo ta buɗe a gabana fa?"

Ya harare ni ta saman kofi. "Daga karɓar jaka har kin fara ɗaukar almajiran sana'a? Ke da kika buɗe sau ɗaya tak? Sau ɗaya ai sa'a ce. Tashi ki fita ki sake."

Sai da na shanye shayina tas. Sannan na ɗauki jakata na fita, na ja ƙofar a kan mijina da hannuna, na durƙusa.