Tsintsiya a Bakin Ƙofa

"Wannan nake so," in ji Aulis, yana shafa bangon katakon wani ɗakin otal da ke bakin tafki kamar wanda ya zo saye.

'Yarsa Sirkka na tsaye kusa da shi. Shi tafkin yake kallo ta taga, da dazuzzukan da kaka ta mayar ja da ruwan ɗorawa, ita kuwa ƙofa take kallo. Wata 'yar sakata ce kawai a jikinta, wadda ko yaro zai zare, kuma daga bakin ƙofar zuwa ruwa bai kai jifa ba.

Otal na uku ke nan da suka duba tun da suka wuce garin Ivalo. Na farko ta ce ya cika kusa da babbar hanya, na biyu ta ce kogin bayansa ya cika gudu. Tun da likita ya ce ciwon mantuwa ne ya kama mahaifinta, duk inda ta shiga abin da zai iya kashe shi take fara gani. Amma ta riga ta yi masa alkawarin za ta kawo shi arewa, inda aka haife shi, ya ga launin dazuzzukan kaka ko da sau ɗaya ne kafin ita kanta ta zame masa baƙuwa.

"Akwai wani ɗakin a babban gini," in ji Veikko, mai otal ɗin, wani dogon mutum mai rowar magana. "A sama. Da makulli. Ba mai fita sai ta gabana."

"Me ake gani daga can?" Aulis ya tambaya.

"Wurin ajiye motoci."

"To ka ji. Na baro motoci a Oulu don in zo in kalli motoci." Ya juya ga 'yarsa. "Ke ko coci aka kai ki, sai kin nemo lungun da mutum zai mutu a ciki."

"Baba, dubawa kawai zan yi."

"Je ki duba. Ni kofi zan sha."

Ta zaunar da shi a ɗakin cin abinci na babban ginin, aka kawo masa kofi da gurasa mai kirfa, ta bi Veikko sama. Ɗakin ba laifi, tsaf yake, sai dai ba abin da zai sa mutum ya tuna ya taɓa kwana a cikinsa. Tana tsaye a ciki wayarta ta yi ƙara. Ƙanenta Tapani ne daga Helsinki.

"Kun samu wuri?"

"Muna dubawa."

"Sirkka, mutumin da ya fita da silifa cikin ƙanƙara wai zai sayo wa Mama madara, shi za ki kai tsakiyar daji? Mama da ta rasu tun yaushe? Gidan kula da tsofaffi sun ce har yanzu akwai gado."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yau lafiyarsa ƙalau, har tsiya yake yi min."

"Yau ɗin."

Suka ja maganar fiye da yadda ta yi niyya, don Tapani irin mutanen nan ne da ke ba da umarni daga nesa su ɗauka sun yi aiki. Da ta sauko, kofin yana kan tebur, an sha rabi, kujerar kuma ba kowa.

Ta leƙa banɗaki, ta leƙa cikin mota, ta zaga bayan ginin inda ake tara itace. Ko sama ko ƙasa. Sai ta kwasa da gudu zuwa ɗakin bakin tafki, Veikko na biye da ita, tana cewa a ranta can ya koma, ai can yake so.

Tana isa ta tsaya cak. An jingina tsintsiya a jikin ƙofar.

A wannan yanki tsintsiya a ƙofa magana ce cikakkiya. Mutumin arewa ba ya kulle gida in zai fita, tsintsiya yake jinginawa a ƙofa, duk wanda ya zo ya san ba kowa a ciki, ya juya abinsa. Ba wanda aka yi wa tarbiyya da zai kawar da ita ya taɓa mariƙin ƙofa. Aulis ya yi shekaru a birni bai daina ba, har a gidan bene sai ya jingina, maƙwabta suna dariya.

"Ya zo, ya fita," in ji Veikko.

"Ina?"

Veikko ya dubi tafkin, ya dubi dajin.

Ta fara da ruwa. Ta taka gadar katakon da ake ɗaure kwalekwale har ƙarshenta, tana leƙa ƙasa. Ruwan garau yake, ana ganin duwatsu, daga can kuma ya koma baƙi. A wannan watan wanda ya faɗa ciki ba ya daɗewa yana kiran taimako. Kwalekwalen suna nan a ɗaure. Ta ƙwala kira, "Baba!" Muryarta ta haye ruwan ta dawo mata.

Veikko ya kira masu ceto. Suka ce suna tafe da kare, amma hanya da nisa, kuma rana ta fara karkata. Ya ce mata ta tsaya, shi zai bi ta fadama. Ba ta tsaya ba. Ta bi shi kan katakan da aka shimfiɗa bisa laka, tana ganin yadda ko'ina a gefe ƙasa take kamar ciyawa alhali ruwa ne a ƙarƙashi, mai haɗiye mutum har ƙugu. Can ta ji motsi a cikin bishiyoyi, ta ruga. Barewar kiwo ce mai ƙararrawa a wuya, ta ɗago ta kalle ta, ta ci gaba da kiwonta.

Ta tuna da siririyar rigar da ke jikinsa, da sanyin da zai sauko in rana ta faɗi. Ta tuna za ta kira Tapani ta faɗa masa da bakinta. Ta yi ta kiran mahaifinta har muryarta ta dushe, sau biyu tana wucewa ta gaban ɗakin, tsintsiyar na nan inda take.

A dawowa ta uku suka ga wata mata tana tahowa da zannuwan gado a kafaɗa. Malai ce, mai gyaran ɗakuna, 'yar Thailand da ta fara aiki a wannan kakar. Ta wuce su, ta hau dandamalin, ta ɗauke tsintsiyar kamar ba komai ba, ta kama mariƙin ƙofa.

"Tsaya," in ji Veikko. "Wa ya sa wannan a nan?"

"Ni," in ji Malai, tana duban su da mamaki. "Na share ganye, na ajiye, na je ɗauko zani. Injin wanki ya tsare ni. Laifi ne?"

Sirkka ta ture ƙofar.

Yana zaune a bakin gado a ƙuryar ciki, inda taga ba ta kaiwa, hularsa a kan gwiwa, hannayensa a kanta, kamar mai jiran layi a asibiti. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ta durƙusa a gabansa. Sabo turken wawa: mutum biyu da hankalinsu sun tone daji da ruwa, ba wanda ya yi tunanin murɗa ƙofar da ba a kulle take ba.

"Baba, ba ka ji ina kira ba? Tun ɗazu nake kira."

"Na ji ana kira," ya ce a hankali.

"To me ya hana ka amsa?"

Ya nuna ɗan gilashin da ke jikin ƙofar. "Na tashi zan fito, sai na ga tsintsiya. Ai ba kowa a gidan nan."

Ta jira ya yi murmushin nan nasa na tsokana, don ya saba faɗin irin wannan fuska a murtuke. Bai yi ba. Da gaske yake, har da 'yar kunya a fuskarsa, irin ta wanda aka kama a gidan mutane ba da izini ba.

Veikko ya fita ya sanar da masu ceto su koma. Malai ta ajiye zannuwan a kan kujera ta sulale. Da Veikko ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya.

"Wane ɗakin zan rubuta muku?"

Sirkka ta dubi tagar. Rana ta sauko kan tafkin, dajin duk ya kama wuta da launi, abin da ta tuƙo mota yini guda don ya gani.

"Na sama," ta ce. "Mai makullin."

Ta zaci zai yi gardama, har tana fatan ya yi. Aulis bai ma san da shi ake ba. Ya karkato gare ta cikin ladabi, da muryar da yake yi wa baƙi magana.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Ko kin san yaushe masu gidan za su dawo?"

Ta tashi daga ƙasa ta zauna kusa da shi a bakin gadon, ta ɗora hannunta a kan nasa. Da sanyi.

"Ban sani ba," ta ce. "Bari mu jira su tare."