Fatar Roba a Yatsun Wanzami

Wani mafarki na yi jiya da dare, ana gobe sunan jikata. Ni wanzami ne, amma ciwon suga ya kashe mini kan yatsu, ko wuta na taɓa sai na gani nake sani. 'Yata Hansatu kuwa ta dage ni zan yi wa jaririyar askin suna.

Sai ga ni a wata kasuwa inda rumfuna ke yawo, masu saye na zaune. Wata rumfa ta tsaya a gabana. Mai ita ragon sunan ne, sanye da tabarau. Ya ce gobe za a yanka shi, amma wannan ba dalilin rufe shago ba ne.

Na nuna masa yatsuna. Ya jefa tsofaffin butoci da silifa a tukunya, suka narke, ya shafa mini a hannu. Abin ya bushe, ya zama fata siririya kamar ɓawon albasa. Tururuwa ta hau babban yatsana, na ji kowace ƙafa da ta ɗora. Na gwada kaifin aska, fatar ta tsage. Kafin in buɗe baki ta haɗe da kanta, ba ko tabo.

"Aro ne, Baba Tanko," in ji ragon. "In ka gama za mu narka ta, akwai wata ungozoma a layi."

Sai na tsinci kaina a tsakar gidan Hansatu, baƙi na zaune a jikin bango kamar ƙadangaru. Aka ɗora mini jaririyar a cinya. Tsoro ya kama ni, na ce a kira wani wanzamin. Hansatu ta ce duk sun tafi yi wa kogi aski.

Na dafa kan yarinyar. Maɗigarta na bugawa a ƙarƙashin yatsana, a hankali, da ɗumi. Rabona da jin irin wannan har na manta. Na ja aska, gashin ya riƙa tashi sama yana maƙalewa a reshen darbejiya. Ko ƙwarzane babu.

Jaririyar ta buɗe ido ta ce, "Angona, hannunka ba nauyi."

Ragon ya zo karɓar kayansa. Na roƙe shi ya bar mini ko yatsa ɗaya zuwa safe. Ya cire tabarau yana tunani.

Bai kai ga ba ni amsa ba, injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka.