Hannun Auta

Tun da aka haifi Auta ake yi wa uwarta barka da samun 'ya mai haƙuri. Allurar rigakafi ba ta sa ta kuka ba, haƙoranta suka fito ba wanda ya sani. Uwar, mai sana'ar ɗinki, har alfahari take yi.

Wata rana da hantsi tana kan keken ɗinki ta ji ƙaurin nama. Da ta waiwaya sai ta ga Auta, 'yar shekara huɗu, ta kifa tafinta a kan dutsen guga tana kallo.

"Mama, kin gani? Hannuna yana hayaƙi."

Bayan gwaje-gwaje masu yawa likita ta zaunar da uwar. "Kowace ƙwayar jijiya akwai siririyar fata da ta lulluɓe ta. A jikin fatar akwai wani furotin, kamar 'yar ƙofa. In mutum ya ƙone sai ta buɗe, gishirin jiki ya shiga, saƙon zafi ya tafi ƙwaƙwalwa. Ta 'yarki ba ta buɗewa."

"To ku buɗe mata mana, likita."

"Ba mu iya ba tukuna. Sai dai ke ki zama mai ji mata."

Daga nan kullum da safe sai uwar ta tuɓe yarinyar ta duba ta, daga harshe har tsakanin yatsun ƙafa. Ta kuma koya mata: in kin ga jini, ki yi kuka. Auta ta riƙa tsayawa a ƙofar gida tana nazarin yaran maƙwabta in sun faɗi. Ta iya kukan, amma ba hawaye, kuma yankewa yake farat ɗaya.

"Ya isa haka, Mama?"

Rannan allurar keke ta huda yatsar uwar, ta ƙwalla ƙara. Auta ta shigo daga tsakar gida, ta kama yatsar, ta matsa a hankali, idonta ƙur a fuskar uwar.

"Sake yi, Mama. Kukanki ya fi nawa kyau."

Uwar ta fizge hannunta. A lokacin ta lura da sawun jini tun daga bakin ƙofa, da fasasshiyar kwalba a dugadugin yarinyar. Ta naɗe yatsarta da ƙyalle, ta ɗora Auta a cinya, ta ce, "Miƙo ƙafar."