Haƙorin Mai Guga

"Miƙo min tsumman nan, Tela," in ji Mai Guga, hannunsa ɗaya tallafe da kunci.

Tela ya ɗago daga kan keken ɗinki, ya zaro tsumman daga jikin ƙusa ya wurga masa. Mai Guga ya ninke shi, ya danna masa dutsen guga har ya fara tururi, sannan ya manna shi a muƙamuƙi ya lumshe ido.

"Yau kuma fuskar taka kake gogewa?" in ji Tela. "Ai ta riga ta yamutse, babu dutsen da zai miƙar da ita."

"Gara tawa. Taka ko an farke an sake ɗinki ba za ta zauna ba."

Bango ɗaya ne ya raba shagunansu, baranda kuwa ɗaya suke zama. Tun Tela na da gashi a ka suke wannan tsiya, ga shi har sanƙo ya cinye. Mai Guga mutum ne mai surutu, idan ya rasa abokin hira da rigunan mutane yake yi. Kuma ya yi imani babu abin da zafi ba ya gyarawa. Ciwon baya, targaɗe, mura, duk tsumma mai zafi ne maganinsu. Da haƙorinsa na can ƙurya ya yi kogo ya fara hana shi sakat, shi ma tsumman aka ba shi.

"Ka je a cire maka shi ka huta," Tela ya sha gaya masa.

"Da haƙorana na zo duniya, da su zan koma."

"Ƙarya kake, da dasashi ka zo."

Sai su yi dariya, maganar ta wuce. Abin da ya cuce su ke nan, komai a wurinsu da dariya yake ƙarewa.

Wata safiya Mai Guga ya iso yana fito. Ya tsaya a bakin shagon Tela ya ƙwanƙwasa haƙorin da farce.

"Ka ji? Ko ɗigon ciwo babu. Ina masu cewa a je a cire?"

Tela ya ji daɗi har ransa. Kuncin dai a kumbure yake, amma tunda mai ciwo ya ce ya daina ji, wa zai tsaya musu? A ranar Mai Guga ya sayo musu shayi, ya cika titi da labarin yadda dutsen guga ya fi likita.

Daga baya kumburin ya bar kunci ya taru a ƙarƙashin haɓa. Mai Guga ya ce zafi ne ke narkar da shi, ya ƙara wa dutse gawayi. Ya riƙa naɗe wuya da tawul, wai don kada iska ta shiga. Surutun ya ragu. Wani yammaci Tela ya ga shayin Mai Guga ya huce a kan benci bai taɓa ba.

"Lafiya kuwa?"

"Maƙogwaro ne," in ji Mai Guga. Muryar ta fito a daƙile, kamar ya cusa auduga a baki. "Zazzaɓi ne kawai. Mura."

Tela ya dube shi. Amma ya lissafa abin a matsayin ciwon haƙori, likitan haƙori kuwa ya tashi aiki tun la'asar.

"Gobe da safe ƙafata ƙafarka. Ko ka ƙi, a kafaɗa zan ɗauke ka."

Mai Guga ya ɗaga masa babban yatsa, ya ci gaba da guga.

Da safe Tela na cikin buɗe kwaɗo sai ga matar Mai Guga, mayafinta a karkace.

"Yaya, zo ka ga mutuminka. Ko ruwa ya ƙi wucewa. A zaune ya kwana, ya ce in ya kwanta numfashi guduwa yake yi."

Gidan yana bayan shagunan. Tela ya same shi a bakin gado, ya dafa gwiwoyi ya turo kai gaba. Ya riga ya sa farar rigarsa ta fita, karin guga a tsaye, yana jiran alkawarinsu. Miyau na zuba a tawul ɗin da ke cinyarsa. Tela ya taɓa wuyan, ya ji shi da tauri kamar katako, ga zafi rau. Bakin ko yatsa ba zai shiga ba, harshen ya taso sama.

"Tashi," in ji Tela. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

A cikin tasi, a hanyar likitan haƙori, Mai Guga ya jingina da shi, matar na zaune a gaba. Kowane numfashi da ƙara yake shiga. Direban ya leƙo ta madubi ya ce, "Malam, wannan ba na likitan haƙori ba ne," ya karya kan mota zuwa babban asibiti.

Nas ɗin da ke bakin ƙofa kallo ɗaya ta yi masa ta ƙwala kira. Kafin Tela ya gama bayani an ɗora shi a gado mai taya. Wata likita ta tsaya a gabansu tana sa safar hannu.

"Yaushe kumburin ya kai wuya? Yaushe ya fara kasa haɗiya?"

"Jiya muryar ta canza," in ji Tela. "Amma likita, haƙorin ya warke fa. Ya daina ciwo."

"Bai warke ba, Baba, jijiyarsa ce ta mutu. Ruɓar ta bi ta ƙasa ta tare masa hanyar iska. Kumburi da zazzaɓi da kasa haɗiya ba a kwana da su, ko wane lokaci ne nan ake zuwa."

"Yana ta gasawa da tsumma," matar ta ce, kamar mai neman a yaba masa.

Likitar ta buɗe baki, ta dubi fuskar matar, ta fasa. Ta juya ta bi gadon da sauri.

Suka zauna a dogon benci. Matar tana ta murza bakin mayafi. Tela ya riƙa shirya tsiyar da zai yi masa idan ya fito: ga jarumi, ga mai dutsen da ya fi likita. Har ya tanadi amsar da Mai Guga zai mayar masa. Rana ta take, inuwar taga ta bar ƙafafunsu, ba wanda ya fito.

Da likitar ta dawo ta cire safar hannun. A gaban matar ta durƙusa, ta kama hannayenta.

Tela bai ji abin da ta ce ba. Kukan matar kawai ya ji, ya ji kuma wani abu ya tsinke a ƙirjinsa wanda ya san ba zai ƙullu ba. Mutum guda, da ƙarfinsa da dariyarsa, a ce haƙori ya kai shi. Baƙin cikin ya fi ƙarfin hawaye, sai ya zauna yana kallon bango.

Bayan an yi wa Mai Guga sutura, mutane sun watse, matar ta zo shagon da leda a hannu. Idanunta sun kumbura. Ta ajiye ledar a kan teburin yanka.

"A asibiti suka ba ni. Da almakashi suka cire masa ita." Ta buɗe bakin ledar. "Yaya, ba na son in ajiye ta a haka."

Farar rigar ce, an tsarge ta daga wuya har ƙasa. Yankan gaggawa ne, ya karkace, ya bi ta kan aljihu.

"Bar ta," in ji Tela.

Da ta tafi ya shimfiɗa rigar, ya haɗa bakin yankan a hankali, ya kafe shi da fil. Bai hau keke ba. Ya zaɓo farin zare da ƙaramar allura, ya jawo kujera bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Zaren ya yi ta kuskure kafar allura, ya goge ido da bayan hannu ya sake gwadawa har ya shiga. Sannan ya fara daga wuya, ƙananan ɗinki a jere, irin wanda ba a ganewa ta waje.